Dokokin Fataucin Mutane da Fyaɗe: Hukunci Ya Yi Nauyi, Hanyar Alƙali Ta Yi Nisa

Duk sa'ad da wani mummunan labari ya ɓulla, ko na yarinya ƙarama da aka yi wa fyaɗe a wata unguwa, ko na mata da yara da aka tsinci gawarwakinsu cikin hamada, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: a tsananta doka, a ƙara shekarun kaso, in ta kama ma a yi kisa. Wannan kira yana da dalilinsa, gama wanda ya ga abin da ake yi wa 'ya'yan talakawa ba zai rasa jin zafi a zuciya ba. Amma kafin a ƙara wa doka nauyi, ya kamata a auna nauyin da aka riga aka ɗora mata, a kuma tambaya ko ya taɓa sauka a kan masu laifin. Wanda ya bi tarihin dokokin Nijar daga 2003 zuwa 2023 zai tarar ba a yi rowar shekarun kaso ba ko kaɗan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarar da ke isa gaban alƙali, ta kuma isa da sunanta na gaskiya.

ABIN DA AKA RUBUTA

Tun ran 12 ga watan Disamba na 1905 Nasara suka fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, amma suka kau da kai daga abin da ke gudana cikin gidajen manya da zangunan makiyaya, domin ba su son ɓata wa masu tara musu haraji rai. Bayan samun mulkin kai, kundin hukunta laifuffuka na ran 15 ga watan Yuli na 1961 ya hana a sayar da mutum ko a jinginar da shi, sai dai bai tsaya ya bayyana mece ce bauta ba, balle irin wadda ɗa ke gado daga uwarsa. An shafe shekara 42 a haka.

Ran 13 ga watan Yuni na 2003, zamanin shugaba Mamadu Tanja, aka sa hannu a kan doka mai lamba 2003-025, wadda ta yi wa kundin babban gyara. A cikinta ne aka kira bauta da sunanta, aka ajiye wa wanda ya bautar da mutum ɗaurin shekara 10 zuwa 30, da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Ita ce kuma ta hana kaciyar mata, ta mai da matsa wa mace lamba da umarni ko barazana don neman lalata da ita laifi. Game da fyaɗe, kundin yadda ya tsaya bayan wannan gyara ya ajiye ɗaurin shekara 10 zuwa 20, idan kuwa wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba, sai hukuncin ya tashi daga 15 zuwa 30. Akwai kuma wata aya da mutane ba su cika lura da ita ba, alhali ta fi sauran amfani: ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta damar shiga shari'a da kansu su nemi hakkin wanda aka zalunta. Dalilin haka a fili yake. Baiwar da ke daka a gidan ubangijinta ba ta san hanyar kotu ba, ko ta sani ma ba ta da kuɗin mota.

Wannan doka ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991, sunanta kuma yana nufin 'yan'uwantaka da harshen Buzaye, ta daɗe tana bin zanguna da ƙauyuka tana tattara shaida. Binciken da ta yi a farkon shekarun 2000 tare da wata tsohuwar ƙungiyar yaƙi da bauta ta birnin Landan ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 43,000 ne ke cikin bauta a ƙasar. Hukumomin wancan lokaci ba su yarda da lissafin ba. A watan Maris na 2005 ma, bikin da aka shirya a In Ates don 'yanta bayi 7,000 ya watse tun ba a fara ba, daga baya aka tsare shugaban ƙungiyar, Ilgilas Waila, na wani lokaci. Watau hukumar da ta rubuta hukuncin shekara 30 ita ce kuma ke jin nauyin a ce akwai wanda ya cancanci hukuncin.

A 2004 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da fataucin mutane, wadda aka ƙulla a birnin Palarmo na Italiya a 2000. Domin cika alkawarin da aka ɗauka ne gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar Salu Jibo ta fitar da doka mai lamba 2010-86 ran 16 ga watan Disamba na 2010, wadda ta ajiye ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ya kuma iya kaiwa 30 idan yaro aka yi fatauci da shi. Ta tanadi kwamitin ƙasa mai tsara aikin da kuma hukuma mai aiwatarwa, aka kafa su da dokokin zartarwa na 2012, mai shari'a Goge Maimuna Gazibo ta shugabanci hukumar shekaru da dama. A 2015 Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan aikin tilas. An kuma keɓe ran 28 ga watan Satumba don faɗakar da jama'a. A takarda dai, babu abin da aka rage.

Yana da kyau mai karatu ya riƙe ma'anar fataucin mutane yadda dokar 2010 ta ɗauke ta, domin rashin gane ta ya haifar da ruɗani mai yawa. Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko aiki: a ɗauki mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi. Na biyu hanya: ƙarfi, ko barazana, ko yaudara, ko cin amanar wanda ba shi da gata, ko biyan kuɗi ga wanda ke da iko a kansa. Na uku manufa: a ci guminsa ko jikinsa, ta karuwanci, ko aikin tilas, ko bauta, ko bara. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma bukatar abu na biyu. Ko ya yarda, ko iyayensa sun yarda, laifi ya tabbata. Ba kuma dole sai an tsallaka iyaka ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo Yamai aikatau, tana aiki dare da rana wata na karɓe kuɗin, tana cikin wannan ma'ana sarai.

SHARI'AR DA TA TONA ASIRI

Wanda yake son ya ga inda doka mai nauyi ke tuntuɓe, sai ya dubi shari'ar Hadizatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan jika 240, watau sefa 240,000, ga wani mutum na yankin Birnin Ƙonni wanda ya riga ya cika mata huɗu. Irin wannan yarinya ita ake kira wahaya, wasu su ce sa-ɗaka, wasu kuma mace ta biyar. Babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu waliyyi. Ita ce mai daka da ɗebo ruwa da aikin gona, ita ce kuma maigida ke nema duk sa'ad da ya ga dama. Al'adar ta fi ƙarfi a jahar Tawa, wajen Ƙonni da Madawa da Buza da Illela, ana kuma ƙetarawa da wasu 'yan matan zuwa arewacin Nijeriya. Hadizatu ta yi shekara tara a wannan hali, ta haifa wa mutumin 'ya'ya.

A watan Agusta na 2005, shekara biyu bayan dokar 2003, mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya hana ta fita, yana cewa ai matarsa ce. Ta kai ƙara. A watan Maris na 2006 kotun farko ta Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ita ma ba ta yarda ba, saboda haka tana da ikon tafiyarta. Ya ɗaukaka ƙara, babbar kotun Ƙonni ta juya hukuncin a watan Yuni, ta kafa hujja da al'ada cewa baiwar da aka 'yanta tana nan a matsayin matar ubangijinta. Kotun ƙoli ta Yamai ta rushe wannan hukunci a ƙarshen shekarar, amma bisa kuskuren tsarin shari'a kawai, ba ta taɓa batun bautar ba. Ana cikin haka Hadizatu ta auri mutumin da take so. Sai tsohon ubangijin ya kai ta ƙara cewa ta yi aure a kan aure, a watan Mayu na 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuwa shiga kaso, ta yi wata biyu kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta.

A lura da kyau: takardar 'yancin nan tana cikin takardun shari'ar. Mutumin da ya rubuta cewa ya 'yanta baiwarsa ya shaida da hannunsa cewa ya mallake ta. Ayar da ta ajiye shekara 10 zuwa 30 tana nan a kundin da ke kan teburin kowane alƙali. Duk da haka maganar ta bi kotu uku tana sanye da rigar rikicin aure, wadda aka saya kuma ita ce ta fara kwana a kaso. Dalilin yana cikin tsarin shari'ar ƙasar kansa. A batun aure da saki da gado, alƙalan Nijar suna aiki da al'adar masu ƙara, tare da masu ba su shawara a kan al'ada. Da zarar an rubuta wa magana sunan aure, ta fita daga hannun mai shigar da ƙara na gwamnati ta koma ɗakin al'ada, a can kuwa babu mai tambayar nawa aka sayi yarinyar.

Kotun ƙungiyar CEDEAO ce ta kira abin da sunansa. Ta zo ta zauna a Yamai a watan Afrilu na 2008, ta ƙi karɓar hujjar gwamnati cewa sai an gama da kotunan cikin gida tukuna, ran 27 ga watan Oktoba kuma ta yanke cewa an bautar da Hadizatu Mani, hukumomin Nijar kuwa ba su kare ta ba. Ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin da ta fi ɗora wa alƙalan ƙasar shi ne sun ga bauta a gabansu ba su tashi da kansu sun tuhume ta ba.

Masu riƙe da wahayu sukan fake da addini, to amma hujjar ba ta da ƙafa. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, da 'yan kasuwar Tuwat suka tambaye shi game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, ya ba da fatawa cewa ba launin fata ko asali ne ke halatta bauta ba, ya kuma lissafa mutanen Barno da Kano da Katsina da Sanwai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Yarinya Musulma 'yar Musulmi da aka saya da jikuna a ƙarni na ashirin ba ta shiga kowane babi na littattafan fiƙihu.

An jira har watan Mayu na 2014 kafin kotun manyan laifuffuka da ta zauna a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani dattijo mai shekara 63 saboda riƙe wahaya. Shekara huɗu aka ba shi. Masu fafutuka sun yi murna, suna kuma da gaskiya, domin wannan ne karo na farko. Amma mai lissafi zai ga shekara 11 ke nan bayan an rubuta dokar, hukuncin kuma bai kai ko rabin mafi ƙanƙantar abin da ta ajiye ba. Alƙali yana da ikon sassautawa idan ya ga dalili, ya kuwa yi amfani da ikon. Da a ce dokar ta ce shekara 50, da wuya hakan ya canza ranar da aka kama dattijon ko adadin waɗanda ba a kama ba. Sai a 2019 babbar kotun ƙasa ta faɗa a fili cewa al'adar mace ta biyar ba ta da gurbi a doka.

TSAKANIN GIDA DA KOTU

A batun fyaɗe, sauya sunan yana farawa tun daga tsakar gida. Ba a cewa an yi wa yarinya fyaɗe. Cewa ake an ɓata ta, ko tsautsayi ya afka mata. Uwa tana tunanin ranar auren 'yarta, uba yana tunanin mutuncinsa a masallaci, dangin mai laifi kuma sun riga sun aiko dattawa da ban haƙuri. A zaure ake ƙare maganar, a gaban mai unguwa ko mai gari, da 'yan kuɗin magani da roƙon a rufa asiri, wani lokaci ma a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya cuce ta. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rikicin gona da bashi da aure, amma ba ta ba su ikon sasanta babban laifi ba. Sarkin da ya kashe maganar fyaɗe a fadarsa ya shiga gonar da ba tasa ba, ko da kyakkyawar niyya ya yi.

Iyayen da suka daure suka nufi jandarmomi kuwa, wata doguwar hanya ce a gabansu. Ana bukatar takardar likita, ita kuma tana da amfani ne idan an duba yarinyar da wuri, kafin alamu su gushe. Wanda ke ƙauye mai nisa da gidan likita, ya kwana biyu yana shawara da dangi, ya kwana ɗaya yana neman kuɗin mota, ya iso ne bayan shaida ta tafi. Sa'an nan ga batun shekaru. Bambancin hukuncin shekara 10 da na 15 yana rataye ne a kan ko yarinyar ta kai 13, kamar yadda dokar fatauci ta rataya a kan 18. Yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa. Lauyan wanda ake tuhuma ba ya bukatar ya musanta komai, ya ishe shi ya ce yarinyar ta girmi abin da ake faɗa. Ashe ma'aikacin da ke rubuta haihuwa a ofishin magajin gari yana cikin masu yaƙi da fyaɗe, ko bai sani ba.

Ko a cikin kotun ma sunan yana iya sauyawa. Fyaɗe babban laifi ne, sai alƙali mai bincike ya yi aikinsa, wanda kan ɗauki watanni ko shekaru. Domin a gaggauta, ko domin shaida ta yi rauni, akan sauko da tuhumar zuwa ƙaramin laifi, kamar cin mutunci ko janye yarinya daga hannun iyayenta, a yanke 'yan watanni ko 'yan shekaru. Lauyoyi kuma kusan dukkansu a Yamai suke zaune. An kafa hukumar taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a da dokar 2011, amma mai ƙara daga ƙauyukan Tanut ko Dakwaro sai ya fara sanin akwai ta kafin ya neme ta.

Akwai kuma wani gefe da masu kiran a tsananta doka ba su cika son taɓawa ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar an yi musu aure kafin su kai shekara 18, kashi 28 kuma kafin su kai 15. Abin da doka ke kira babban laifi idan ya faru a bayan gari, idan an kai goro an shafa fatiha sai ya zama biki. Dokar zartarwa ta watan Disamba na 2017 ta yi ƙoƙarin kare yarinyar da ke makaranta, ta yadda aure ko ciki ba zai raba ta da karatu ba. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce kuwa mafi yawa a karkara, wannan kariya ba ta kai gare ta.

Masu cewa a yi kisa sukan ba da misali da jahar Kaduna ta Nijeriya, inda a watan Satumba na 2020 gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan dokar dandaƙe wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, sa'an nan a kashe shi. Irin wannan doka tana sanyaya zuciyar mai fushi. Sai dai mai yi wa yara fyaɗe sau da yawa ba baƙo ba ne; kawu ne, ko maƙwabci, ko malami, ko mijin uwa. Iyalin da ke jin nauyin kai ɗan'uwansu kaso na shekara goma, yaya za su yi idan sun san kabari za su kai shi? Shiru zai ƙaru. Alƙali ma, idan ya ga hukuncin da ke gabansa ba ya da dawowa, zai fi neman ƙofar sauko da tuhuma. A Nijar kanta, bayan 1976 an shafe fiye da shekara arba'in ba a zartar da hukuncin kisa a kan kowa ba, ko da yake kotuna sun ci gaba da furta shi.

DARASIN AGADAS

Akwai doka ɗaya da aka zartar da ƙarfi, ita ma tana da abin koyarwa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance na jahar Damagaram. Yawan yaran shi ne abin dubawa. An daɗe da sanin cewa ana kwasar yara daga wannan yanki zuwa bara a biranen Aljeriya, wasu tare da uwayensu, wasu kuwa an karɓo su ne daga hannun iyaye bisa alkawarin za a riƙa aiko musu da wani kaso. Wannan na biyun fataucin yara ne bisa ma'anar dokar 2010, amma a ƙauye sunansa ci-rani. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya take maido da irin waɗannan ayari, a watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta aika jirage Dakar ta kwaso kimanin mutum dubu ɗaya masu bara, da yawansu daga Kance da Magarya.

Ran 26 ga watan Mayu na 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙin haure. Nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da bakin jama'a ya haɗe. Mai fataucin mutum yana neman cin gumin wanda ya ɗauka ne, ba ya sakinsa idan an isa. Mai safarar baƙin haure kuwa kuɗin mota yake karɓa daga wanda ya zo da ƙafarsa, ya tsallakar da shi iyaka ba bisa ƙa'ida ba, su rabu. Na farko laifi ne a kan ɗan Adam, na biyu laifi ne a kan iyakar ƙasa, ko da yake sau da yawa na biyun yakan kai mutum hannun na farkon, kamar yadda aka gani a gidajen azaba na Libiya.

Bayan taron Turai da Afirka da aka yi a tsibirin Malta a watan Nuwamba na 2015, da kuɗin da Tarayyar Turai ta zuba, aka fara aiki da dokar gadan-gadan daga tsakiyar 2016. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Hukumar ƙaura ta duniya, wadda ta ƙidaya fiye da mutum 300,000 masu fita ta hanyoyin arewa a 2016, ba ta ƙidaya ko 70,000 ba a 2017. Wannan ya nuna hukuma tana iya zartar da doka cikin 'yan watanni idan ta sa kanta, kuma aka ba ta motoci da mai. Amma waɗanda ba a ƙidaya ba ba duka suka fasa tafiya ba. Direbobi sun bar manyan hanyoyi da sanannun rijiyoyi, kuɗin tafiya ya tashi, wanda ya hango jami'an tsaro kuma yakan zubar da fasinja a tsakiyar Tenere ya tsere. Mutanen Agadas, waɗanda jigilar matafiya ta zame musu abinci bayan yawon buɗe ido ya mutu, sun ɗauki dokar a matsayin ta Turawa, suna tambaya yaya za a ɗaure mutum don ya ɗauki ɗan ƙasar CEDEAO daga wani gari na Nijar zuwa wani, alhali yarjejeniyar 1979 ta ba shi 'yancin zirga-zirga. An bar jaki ana dukan taiki: direba yana kaso, matar da ta tara yaran ƙauye ta kai su bara tana shirin wata tafiyar.

Ran 25 ga watan Nuwamba na 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar 2015, aka kuma shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Ta yi shekara takwas. Sokewar ba ta shafi dokar 2010 ta fataucin mutane ba, wannan kuwa abu ne da jami'an da ke kan hanya da sarakuna da 'yan tasha ya kamata su riƙe, domin akwai masu ɗauka cewa tun da an saki direbobi, kwasar yara zuwa bara ma ta halatta.

Ta fuskar waɗanda aka ceto, sai a watan Yuli na 2019 aka buɗe gidan farko na gwamnati na karɓarsu, a Damagaram, shekara tara bayan dokar da ta yi alkawarin kula da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shari'a kanta. Yarinyar da aka ƙwato daga gidan karuwai ko daga hannun ubangiji, idan ba ta da wurin kwana da abinci har ranar zaman kotu, gidan da ta fito za ta koma, ko ta ɓace, shari'ar kuma ta mutu don babu mai ba da shaida.

Wani abu kuma ya canza tun bayan shari'ar Hadizatu Mani. Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta ba da sanarwar ficewa daga CEDEAO a watan Janairu na 2024, ficewar ta tabbata ran 29 ga watan Janairu na 2025. Kotun da ta zo Yamai a 2008 ta saurari baiwa ba tare da ta jira kotunan gida sun gama ba, ƙofarta ta rufe ga sababbin ƙararrakin 'yan Nijar. Wahayar da aka sayar a Buza ko Illela bayan wannan rana, maganarta tana hannun jandarman da zai rubuta rahoton farko, da mai shigar da ƙara na gwamnati da zai zaɓi ayar da zai tuhuma da ita, da alƙalin da za a ajiye wa takardar a gabansa an rubuta rikicin aure a kanta.